Awon Tela

Shekara talatin da ɗaya a Hindawiyya
ina zagaya ƙugun maza da tef.
Littafin awo na ƙarƙashin keke,
gefensa ya sha mai, ya sha shayi.
Ukasha direba: talatin da huɗu,
bara talatin da tara.
Ni ke farke ɗinki in ƙara ƙyalle,
in ce, "Alhaji, arziki ya samu wurin zama,"
mu yi dariya, ya ajiye riyal goma.

Nawa ƙugun ban taɓa aunawa ba.
Jallabiya uwar rufin asiri ce.
Ƙafafuna sillen kara,
damatsana na ɗan makaranta,
sai tulu guda a tsakiya
da ke riga ni shiga masallaci.

Yayata Ramlatu kuwa, tun muna Karantina
yara ke ce mata Kujera Biyu.
Nata ƙasa ya gangara, kwatangwalo da cinya.
Ita ake yi wa nasiha a gidan biki,
ni a ƙara mini kabsa.

Ran Talata na raka ta asibiti, ciwon gwiwa.
Likitan, Muzammil, ɗan Mai Wurno ne,
Hausarsa da gishirin Larabcin Sudan.
Ya gama da ita, ya dube ni ta saman tabarau,
ya zaro tef daga aljihu.
Tef! Rawaya, irin nawa, har ƙarfen bakin.
Ya ɗora daidai cibiya.
"Kada ka shanye cikin, Malam."
Arba'in da biyu.

Bayan mako suka shafa mini mai sanyi,
suka leƙa ni ta allo.
Ya ce, "Hanta mai lafiya duhu-duhu take.
Dubi taka, tana haske kamar an kunna fitila."
Hantar da ake magana kuwa ta kaɗa.
Na ce, "Giya ko warinta ban sani ba."
Ya ce, "Kwalba iri-iri ce.
Nawa kake sha ta lemo kafin la'asar?"
Na ƙirga a zuci. Na rage biyu. Na faɗa.

Ya ce, "Sikeli nauyi ya sani, bai san masauki ba.
Kitsen cinya baƙo ne da ya tsaya a zaure.
Na tumbi ya wuce har ƙuryar ɗaki,
ya yi shimfiɗa tsakanin hanji,
magudanarsa ɗaya da hanta.
Abin da ya zubar, ita ke kwashewa,
ta kwasa, ta adana, ba ta ƙorafi,
har ranar da za ta taurare."

Ramlatu ma an duba tata. Duhu, tas.
Ya ce ta tausaya wa gwiwa duk da haka,
amma ba ta ji wannan ba,
dariya take har mayafi na zamewa:
"Mutane na yi wa rogo kallon kitse,
kai kitse ka yi wa kallon rogo!"

Yanzu bayan isha ina taka ƙafa
daga shago zuwa Bab Makka,
zafin Jidda na manna mini riga a baya.
Mai tamis na kira, in ɗaga masa hannu.
Shayi ba sukari ɗacin magana gare shi,
har yau ban saba ba.
Ran Juma'a nakan karya doka, kaɗan.

A shafin ƙarshe na littafin awo
na rubuta sunana, karo na farko.
Arba'in da biyu. Arba'in da ɗaya.
Arba'in da ɗaya kuma.

Jiya Ukasha ya kawo wando a buɗa masa.
Na riƙe reza, na dubi tef,
tsohuwar maganar ta zo har bakina.
Na ce, "Zauna tukuna.
Yaushe rabonka da likita?"